Yadda nake shiga rana da 'yata zabiya, da yadda nake zaɓen man kariya

'Yata ta biyu zabiya ce. Ni kuwa baƙa ce wuluk, mahaifinta ma haka, don haka har aka haife ta ban taɓa ɗaukar rana a matsayin abin da ake yi wa lissafi ba. A wurina zafi ce kawai, in ta yi yawa a nemi inuwa a sha ruwa. Yau shekara tara ke nan ina koyon cewa abin ya wuce nan, kuma yawancin karatun a fatar yarinyar nan na yi shi. Abin da zan faɗa ya shafi iyaye irina, ya kuma shafi duk mai fata, baƙa ce ko fara.

Zan fara da kuskuren da har yau yake ci mini rai. Tana 'yar shekara uku na shiga ƙyamar duk abin da aka ce masa sinadari. Na sayo garin zinc oxide, na narka man kwakwa da man kaɗe da ɗan kakin zuma, na yi ta juyawa da cokali har hannuna ya gaji, na ɗura a gwangwani. Ya yi kyau a ido, ya yi ƙamshi. Na shafe ta da shi muka fita filin wasan yara da hantsi, ba mu wuce awa ɗaya da rabi ba. Da daddare kafaɗunta da ƙeyarta suka yi ja dabbare-dabbare, nan lafiya lau, can kamar an watsa mata ruwan zafi. Kafin gari ya waye bororo ya taso. Likitar fatar da ta duba ta ta karɓi gwangwanin, ta lakato ta murza a bayan hannunta, ta ce mini, "Maman yarinya, garin nan dunƙulewa yake yi a cikin mai. Idonki ba zai ga gurbin da ya bari ba, amma rana za ta gan shi." Ta bayyana mini cewa a masana'anta da injuna masu ƙarfi ake warwatsa garin, a sa abin da zai hana shi sake haɗewa, sannan a gwada man a fatar mutane kafin a rubuta masa lambar ƙarfin kariyarsa. Cokali ba ya yin wannan aikin. Daga ranar ban sake haɗa man kariyar rana a gida ba, kuma duk wadda ta tambaye ni yadda ake haɗawa, wannan labarin nake ba ta.

Kafin maganar mai, sai an san abin da ake karewa. Zafin da jiki ke ji daban, abin da ke ƙona fata daban. Mai ɓarnar, wani ɓangare na hasken rana wanda ake kira UV, ba a ganinsa ba a jinsa sai ya gama aikinsa. Shi ya sa mutum ke ƙonewa ranar da iska mai sanyi ke kaɗawa, ko ranar da gari ya lumshe, domin gajimare marar kauri yana iya barin har kashi 80 cikin 100 ya wuce. Iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ne mai ƙuna, shi ne kuma ke sa fata ta haɗa bitamin D. UVA ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, wajen kashi 95 cikin 100 na abin da ke sauka ƙasa. Ba ya cika ƙuna nan take, sai dai yana nutsawa can cikin fata ya lalata zaren da ke riƙe da ita, ya kawo tamoji da tabo tun lokacinsu bai yi ba. Dukansu biyu suna da hannu a sankarar fata. Gilashin taga yana tare yawancin UVB, amma UVA ratsa shi yake yi. A 2012 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 wanda ya shekara 28 yana tuƙi. Ɓarin fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya yamushe ya zazzago, na dama kuwa da sauransa sosai. Tun da na ga hoton nan ba na zaunar da yarinyar a jikin taga a doguwar tafiya sai na rufe mata hannu da wuya.

Awon da na fi dogara da shi ba ya buƙatar waya ko agogo: inuwarku. Ku tsaya a fili ku dube ta. In ta fi ku gajarta, rana tana bisa kai, haskenta yana ratso iska ta gajeriyar hanya, UV yana kan ganiyarsa. In ta fi ku tsawo, an samu sassauci. 'Yata ta iya wannan tun tana shekara biyar. Takan leƙa waje ta dawo ta ce, "Umma, inuwata gajera ce, sai anjima." A agogo, lokacin tsananin yakan kama daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

Mai waya kuma yana iya duba ma'aunin UV da manhajojin hasashen yanayi ke nunawa. Masana a Kanada ne suka fito da shi a 1992, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi ya zama na kowa. In lambar tana 1 ko 2, yawancin mutane ba su da damuwa. Daga 3 zuwa sama ake fara neman kariya, 8 zuwa 10 ya yi tsanani ƙwarai, 11 da abin da ya ɗara kuwa fata mai haske tana iya ƙonewa cikin 'yan mintoci. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suna ganin waɗannan manyan lambobi a yawancin watannin shekara. Wuri ma yana ƙara masa ƙarfi: kowane mita 1,000 da aka hau tsauni UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10, busasshen yashi yana maido da wajen kashi 15, sabuwar dusar ƙanƙara har kashi 80. Saboda haka wanda ke zaune ƙarƙashin lema a kan farin yashi yana shan wani abu daga ƙasa ko da kansa na inuwa.

Kada dai wannan ya sa a mayar da rana dodo. Bayan ƙunar nan na kusan shekara guda ina kulle yarinyar a ɗaki. Ta zama shiru-shiru, tana leƙen 'yan'uwanta ta taga suna guje-guje, kuma wannan ya yi mata illar da ban hango ba. Yanzu kullum tana fita da sassafe, tana fita da la'asar sakaliya, ta yi wasanta son ranta. Hasken safe yana daidaita agogon barci, yana kuma sa walwala, kuma yaro yana bukatar motsa jiki a fili kamar yadda yake bukatar abinci.

Maganar bitamin D tana da ɗan sarƙaƙiya, gara a faɗe ta yadda take. UVB ne ke dukan fata ya juya wani abu da ke cikinta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, sannan jiki ya iya zuƙar kalsiyam ya gina ƙashi. Rashinsa yana lanƙwasa ƙafafun yara, yana sa manya ciwon ƙashi da kasala. To amma UVB ya fi yawa ne daidai lokacin da rana ke ƙuna, ranar sassafe ba ta da shi sosai. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne fata tana da iyaka: in ta haɗa gwargwadon abin da za ta haɗa, hasken da kansa yake rushe rarar. Wanda ya zauna awa biyu bai fi wanda ya yi ɗan lokaci samun bitamin ba, ɓarna kawai ya ƙara. Kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ne hanya. Mai fata mai haske, minti 10 zuwa 15 a hannuwa da ƙafafu sau biyu ko uku a mako yakan wadatar idan rana na da ƙarfi. Baƙar fata tana bukatar ninkin wannan. Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce a tashi tun fata ba ta fara ja ko raɗaɗi ba, kuma zama a bayan gilashi ba ya cikin lissafi. Zabiya kuwa, da wanda ya taɓa yin sankarar fata, da wanda kullum jikinsa a rufe yake, da mazauna can arewacin duniya inda ranar hunturu ba ta da UVB ɗin da zai yi aiki (a birnin Boston an auna haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu), waɗannan ƙwayar bitamin D ce mafitarsu. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙayyade IU 400 (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalba) a kowace rana ga jarirai, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura 70. Ana auna shi a jini, kuma ba a ɗirkarsa da yawa ba da sanin likita ba, don taruwa yake a jiki.

'Yan'uwana baƙaƙe, na san abin da ake cewa: mu rana ba ta yi mana komai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Launin da ke fatarmu, melanin, garkuwa ce ta gaske. Wani awo da aka yi a 1979 ya nuna baƙar fata tana ba da kariya kwatankwacin SPF 13 (SPF ita ce lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin man kariyar rana), fara kuwa wajen 3, kuma sankarar fata da rana ke jawowa ta fi ƙaranci a cikinmu sosai. Sai dai rana tana da wata ƙofar da take shigo mana. Kowane ƙurji da ya warke ya bar baƙin tabo, rana ce ke ƙara masa duhu ta hana shi gushewa. Ni bayan cikina na uku wani duhu ya shimfiɗu a kumatuna da goshina, na yi ta shafe-shafe a banza, bai fara ja da baya ba sai da na fara kare fuskar kullum. Ido kuma ba ruwansa da launin fata, UV yana gaggauta yanar ido ga kowa. Wadda ke shafa man bilicin kuwa ta sani ta cire garkuwar nan da hannunta, fatarta ta koma sahun masu bukatar cikakkiyar kariya.

Tufafi kafin mai

Abin da na fi son mutane su riƙe shi ne man kariya na wuraren da tufa ba ta rufe ba ne. Riga ba ta gogewa da gumi, ba a manta sake shafa ta bayan awa biyu. Ostireliya, wadda ke cikin ƙasashen da sankarar fata ta fi addaba, ta fara gangamin wayar da kai a 1981 da abu uku, riga da mai da hula, a 2007 aka ƙara inuwa da tabarau. Man shafawa ɗaya ne kawai cikin biyar.

Ku ɗaga yadi ku kalli haske ta cikinsa. In kuna hango hasken tar, UV ma yana wucewa. Saƙa mai matsi da launi mai duhu ko mai ƙarfi sun fi karewa. Farar rigar auduga marar kauri kariyarta ba ta wuce kwatankwacin 5 ba a ma'aunin kariyar tufa da ake kira UPF, in ta jiƙe ta ƙara raguwa. Tufar da aka rubuta wa UPF 50 tana barin kashi 2 cikin 100 ne kawai, irinta nake saya wa yarinyar don wanka a ruwa. Hula ta zama mai faɗin baki zagaye, kamar santimita 7 zuwa 8. Hana-salla goshi da hanci kawai take rufewa, ta bar kunnuwa da ƙeya a fili, kuma nan ne wuraren da suka fi shan wuya. Tabarau a duba an rubuta UV400. Baƙin gilashi marar wannan kariya ya fi babu muni, domin duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya shiga da yawa.

Juya kwalbar a karanta bayanta

Gaban kwalba talla ce. Hoton ganye, koren launi, kalmar da ke nufin "na halitta", duk ba su ɗaure mai kamfani da komai ba. A Amurka ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta ba wa kalmar wata ma'ana a dokar kayan shafa ba. Gaskiyar tana baya, a inda aka rubuta active ingredients, wato sinadaran da ke yin ainihin aikin.

In ana maganar man kariya na halitta wanda yake aiki da gaske, suna biyu kawai ake nufi: zinc oxide da titanium dioxide. Daga ma'adinan ƙasa suke, ko da yake a masana'anta ake tace su, kuma tacewar alheri ce, don ɗanyen ma'adinin zinc yakan zo haɗe da dalma. Ana yawan cewa suna aiki kamar madubi. A zahiri kaɗan suke maidowa, yawancin UV ɗin shanye shi suke yi su mayar da shi ɗan ɗumi a saman fata. Ɗaya gidan kuma, na sinadaran da ba na ma'adini ba, shi ne na su oxybenzone, avobenzone, octinoxate, octocrylene da homosalate. Akwai kwalaben da ke rubuta mineral, wato na ma'adini, ɓaro-ɓaro a gaba, a baya kuwa an haɗa gida biyun. Sai an karanta ake ganewa.

A 2019 FDA ta fitar da daftarin ƙa'ida inda ta ce cikin sinadarai 16 da ta duba, zinc oxide da titanium dioxide ne take da isasshiyar hujjar cewa ba su da haɗari kuma suna aiki. Biyu ta ce a daina amfani da su, sauran 12 ta nemi ƙarin bayani a kansu. A 2019 da 2020 masu bincikenta suka nuna cewa wasu daga cikinsu suna ratsa fata su shiga jini fiye da iyakar da ke wajabta ƙarin gwaji. Hukumar ta fito fili ta ce shiga jini ba ya nufin cutarwa, kuma kada a daina shafawa. Jihar Hawayi ma ta hana sayar da mai ɗauke da oxybenzone da octinoxate daga 1 ga Janairu 2021, amma don murjanin tekunta ta yi, ba don fatar mutane ba.

Ga nawa hukuncin. Yarinyar da za ta shafa abu kullum, sau uku ko huɗu a rana, har iya rayuwarta, na fi samun natsuwa in ba ta zinc. Ba ya yi mata yaji a ido in gumi ya gangaro da shi, bai taɓa fesa mata ƙuraje ba, kuma shi kaɗai yana tare UVB da UVA har dogon zangonsa, inda titanium dioxide ke da rauni. Don haka nake so in ga zinc oxide a jerin, in shi kaɗai ne ya kai wajen kashi 20 cikin 100 (doka a Amurka da Turai ba ta yarda ya wuce 25 ba). Amma ranar da na duba babu sai ɗaya nau'in, shi zan shafa mata ba tare da wani ɗar ba. Dalilina shi ne gwajin da aka yi a garin Nambour na jihar Kwinslan a Ostireliya daga 1992 zuwa 1996. Mutum 1,621 aka raba gida biyu, rabi suna shafa mai kullum a kai da wuya da hannuwa, rabi suna yin yadda suka saba. Shekara goma bayan kammalawa, an samu melanoma, mafi munin sankarar fata, guda 11 a masu shafawa kullum, 22 a ɗaya ɓangaren. Man da aka ba su ba na ma'adini ba ne, kuma lambarsa 16 ce kacal. Ƙunar rana cutarwarta tabbatacciya ce, ba zan bar yarinyar babu kariya don gudun abin da ake kan bincike ba.

Lambar SPF tana auna UVB ne kawai. SPF 15 yana tare wajen kashi 93 cikin 100, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98, babu wanda ke tare duka. Ga yawancin mutane 30 ya isa in an shafa da kyau. Ga zabiya da mai fata mai saurin ƙuna, 50 ko sama. Babbar lamba ba lasisin daɗewa a rana ba ce. Don UVA kuma sai a nemi wata alama dabam: kayan Amurka suna rubuta broad spectrum, na Turai suna sa haruffan UVA a cikin da'ira, wanda ke nufin kariyar UVA ta kai aƙalla sulusin lambar SPF, na Japan da Koriya suna rubuta PA da alamar tarawa, huɗu ita ce ƙoli. Kwalbar da ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, ajiye ta nake yi. Mai iyo ko mai yawan gumi ya nemi water resistant, zai ga 40 ko 80 a gefe, mintocin da man ke jurewa a ruwa ke nan. Babu man da ruwa ba ya wankewa, tun dokar 2011 aka hana kamfanoni a Amurka yin wannan iƙirarin.

Yanzu ga abin da ke sa baƙaƙe da yawa jefar da man zinc bayan shafawa ɗaya: fuska ta yi furu-furu kamar an bulbule ta da toka. Ba ƙaramin abu ba ne, man da mutum ke jin kunyar fita da shi ba zai shafa shi ba. Mafita ita ce mai launi, wanda aka rubuta wa tinted, a jerin kayansa kuma za a ga iron oxides. Launin yana ɓatar da farin, yana kuma da wani amfani da ya fi wannan: yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a baƙar fata, kuma man da ba shi da launi ba ya tare shi sosai. Irinsa ne ya taimaki kumatuna. A gwada launin a muƙamuƙi a hasken waje, ba ƙarƙashin fitila ba. Wata hanyar rage farin ita ce niƙa garin ya yi laushi ƙwarai, shi ne ake kira nano, kuma a Turai dole a rubuta kalmar a jerin kayan. Binciken da aka yi ya nuna a saman lafiyayyar fata yake tsayawa. Inda ake jin tsoro shi ne shaƙa, domin hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ƙurar titanium dioxide cikin abubuwan da ka iya jawo sankara in an shaƙe su. Don haka ba na sayen na fesawa ko na gari, kirim ko ruwa-ruwa kawai.

Turare ma ina gudunsa, musamman man ɓawon lemo irin su bergamot da lemun tsami. Na halitta ne tsantsa, amma in suka haɗu da rana a kan fata suna iya ƙona ta har bororo, su bar baƙin tabo na watanni. Masu goga lemun tsami a fuska don ta yi haske sannan su fita, su kiyaye wannan. Man kwakwa, man 'ya'yan karas da man 'ya'yan rasberi da ake yayatawa a intanet da manyan lambobi, an gwada su a fatar mutane a wani bincike na 2021, babu wanda ya kai SPF 3. Suna laushin fata, ina amfani da wasunsu da daddare, iyakarsu ke nan. Sabon mai kuma kafin ya hau fuska, a shafa kaɗan a cikin dantse kwana biyu ko uku a ga yadda fata za ta karɓe shi.

Yawan da ake shafawa

A nan yawancin mutane ke faɗuwa. Lambar da ke jikin kwalba an same ta ne da shafa miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata, mutane kuwa rubu'i zuwa rabin haka suke shafawa, sai kariyar ta zube ƙasa da abin da aka rubuta. Ga babban mutum lissafin shi ne cokalin shayi bakwai, wajen mililita 35: ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa, ɗaya ga kowane hannu, ɗaya ga kowace ƙafa, ɗaya gaba, ɗaya baya. Kwalbar mililita 100 ke nan shafa uku ce ga mai shafe jiki duka, wanda shi ma dalili ne na barin tufafi su ɗauki kaso mafi girma. Ga fuska kaɗai, a matso layi biyu a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya.

Man zinc yana da kauri, in aka labta shi gaba ɗaya sai ya yi dabbare. Ni ɗigo-ɗigo nake sawa a goshi, kumatu, hanci da haɓa, in baje, in jira minti biyu, in sake zagaye na biyu. Shafa biyun yana cike gurbin da na farko ya tsallake. A yi haka minti 15 zuwa 20 kafin fita don ya zauna. In ana waje a sake duk bayan awa biyu, da kuma bayan iyo, gumi mai yawa ko goge jiki da tawul. Wuraren da ake mantawa kusan kullum su ne saman kunne, ƙeya, tsagar kitso, bayan hannu, saman ƙafa ga mai silifa, da leɓe, musamman na ƙasa, wanda ke da nasa man mai SPF. Bayan hannu yana bukatar sabo duk lokacin da aka wanke hannu. A jakar makarantar 'yata akwai ƙaramin bututu, kuma na roƙi malamarsu ta riƙa tuna mata lokacin tara. Na same ta na yi mata bayani ido da ido, na nuna mata hoton ƙunar nan, tun daga ranar ba ta taɓa sakaci ba.

Wajen jerantawa, man laushin fata ne farko, sai na kariya, sai kwalliya. Hodar da aka rubuta wa SPF ba ta wadatarwa, babu mai shafa ta da kaurin da ake bukata. In za a sa maganin sauro na shafawa, shi ne na ƙarshe. Da daddare a wanke sosai, don zinc yana manne wa fata, ɗan mai a auduga kafin sabulu yana ɗago shi. A duba ranar ƙarewar aikinsa, kada a bar kwalbar a cikin mota ko a rana, in kuma aka ga ya tsinke ruwa gefe guda gari gefe guda, ko warinsa ya canza, ya tashi aiki.

Jaririn da bai kai wata shida ba, inuwa da tufafi ne kariyarsa, ba a kai shi tsakiyar rana. Wasu magunguna kuma suna sa fata saurin ƙuna ko da baƙa ce: doxycycline, ciprofloxacin, maganin hawan jini hydrochlorothiazide, maganin ƙurajen fuska isotretinoin, da mayukan retinol. Ba a daina magani saboda haka, kariya ake ƙarawa, a kuma tambayi likita ko mai ba da magani.

In ƙuna ta riga ta faru, ku sani ba ta nuna kanta duka nan take, takan kai ƙarshen tsananinta bayan awa 12 zuwa 24. A bar rana, a yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi ko a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ba ƙanƙara ba. A shafa mai marar turare ko ruwan alobera, a sha ruwa da yawa, a sha farasitamol in raɗaɗi ya dame. Bororo ba a fasa shi. In ya mamaye wuri mai faɗi, ko aka ga zazzaɓi, amai, jiri ko ruɗewa, ko kuma jariri ne ya ƙone, asibiti za a nufa.

Ranar ɗaya ga kowane wata, bayan wanka, nakan zaunar da 'yata a wuri mai haske in bi fatarta tun daga tsagar kai har tafin ƙafa, sannan in duba tawa. A jikinta ina neman wuri mai kaushi kamar yashi wanda ba ya gushewa, musamman a kunne, leɓe da bayan hannu, ko gyambon da ya ƙi warkewa. A tawadar Allah ina duba ko ɓari ɗaya ya bambanta da ɗaya, ko bakinta ya yi zigi-zaga, ko launi ya gauraya, ko faɗinta ya wuce milimita 6, ko tana canzawa. A jikina kuwa tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce na fi dubawa, don a baƙar fata nan melanoma ta fi ɓuya, kuma irin wannan ba sai wurin ya sha rana ba. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana ɗan shekara 36, daga ƙarƙashin farcen ƙafa ta faro. Duk tabon da ban gamsu da shi ba nakan ajiye rula a gefensa in ɗauki hoto, in kwatanta da na wata mai zuwa. Likitar fata tana ganin yarinyar duk wata shida, amma in abu ya kai wata guda bai warke ba, ko yana jini, ko yana girma, ba na jiran ranar ta zagayo.